Haƙoran Hamdia

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Yau shekara tara da wata huɗu rabona da Galmi. A cikin trotro, motar hayar nan garin, na lissafa, don tun da aka tashe mu 'yan albasa daga Agbogbloshie aka kai mu Kotoku, rabin rayuwata a mota take ƙarewa. Hanyar nan zuwa Nima tana da tsawon da mutum zai tuna duk abin da ba ya son tunawa.

Wannan littafin na saye shi ne don nas ta ce a riƙa rubuta abin da 'yata Hamdia take ci kullum. To, yarinyar ba a ɗakina take kwana ba yanzu. Tana Maamobi gidan kakarta, ita da uwarta, wata na huɗu ke nan. Me zan rubuta? Sai in rubuta abin da ni nake haɗiya.

Shekaranjiya muka kai ta asibitin unguwa, ni da uwarta Fuseina. Ita a gaba, ni a baya, kamar waɗanda layi ya haɗa. Nas ta buɗe bakin yarinyar da ɗan katako, ta haska. Sannan ta ce mu matso mu gani da idonmu. Haƙoran gaba na sama guda huɗu sun yi baƙi kamar albasar da ruwa ya kwana a kanta. Ta ce waɗannan sun tafi, sai cirewa, kuma likitan haƙori ba zai samu ganinmu ba sai 24 ga watan gobe. Na tauna kuwa sun fara tabo amma da sauran ransu. In an janye mata sukari daga yanzu zuwa ranar, ana goge mata baki safe da yamma, za a same su. In ba haka ba su bi 'yan'uwansu. Shekararta huɗu. Da me za ta tauna nama kafin sababbi su fito?

Ta tambayi cokali nawa ake zuba mata a koko. Fuseina ta ce uku, in ta yi kuka huɗu. Sai shayi, sai sobolo, wato zoɓo, sai biskit ɗin makaranta. Nas ta riƙe haɓa.

Na bar laifin a kan Fuseina. Amma ni na san wanda ya fara tsoma yatsa a madarar gwangwani yana sa mata a baki lokacin yaye, don ta yi shiru uwarta ta samu barci. Na rubuta nan don kada in manta in ɗora wa wani.

Talata, 16 ga Satumba, hantsi

Na makara kasuwa da gangan. Na tsaya wurin mai koko a bakin babban kwalbati na ce kada ta sa sukari ko kaɗan, ta dube ni kamar na ce ta zuba yashi. Na haɗa da ƙosai mai zafi na kai Maamobi.

Hamdia ta kurɓa sau ɗaya ta dawo da shi kan rigata.

"Baaba, kokon nan ya mutu."

Na ce da ransa, ki sha. Ta ce a'a, ya mutu, a kai wa kaji. Na matse ta a cinya na ba ta cokali biyar tana ihu. Na fito da ɗan buroshin da na saya, na goge mata baki tana cizon yatsana. Da na sake ta ba wurin uwarta ta gudu ba. Waje ta yi, ƙafa ba takalmi, ta nufi bakin lungu.

A bakin lungun akwai shago. Zan rubuta maganarsa wata rana.

Alhamis, 18 ga Satumba, kafin magariba

Na biya ta kasuwar Malam Atta, na kai saƙo inda nake kaiwa. Na uku ke nan. Saura huɗu.

Jumma'a, 19 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Sunansa Ɗanbala. Haifaffen nan ne, ba baƙo ba ne kamar ni. Yana da shagon kayan masarufi a bakin lungun su Fuseina, da firij mai ƙofar gilashi, da kwalabe shida jere a kan kanta, kowace cike da alewar tofi kala daban. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, bai da ɗa. Yana da fara'a, yana da tsabta, ba ya warin albasa. Na duba iya dubawata ban sami abin da zan kushe ba, ban da cewa yana dariya kafin a gama magana.

Na sami Hamdia zaune a kan kantarsa tana kaɗa ƙafa, yana ɗaure mata igiyar takalmi. Kawu Bala take ce masa. Da ta hango ni sai ta rufe baki da hannu biyu.

Na yi sallama, ya amsa har da fitowa ya ba ni hannu.

"Yaya Lauwali, ka ɓuya paa. Yaya kasuwa?"

Na ce kasuwa ta gode. Na ce magana ta kawo ni. Na faɗa masa abin da nas ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce daga yau kada ya sake ba ta tofi ko biskit ko lemon kwalba, ko ta yi kuka, ko ta yi birgima.

Na zo da shirin gardama. Na ma tanadi amsoshi tun a masallaci, Allah ya yafe mini. Sai mutumin nan ya durƙusa ya ce ta buɗe baki ya gani, ta kuwa buɗe masa, ita da sai na danne ta. Ya duba ya ce, "Kai! Subhanallahi. Ban sani ba koraa." Ya tashi ya kwashe kwalaben nan shida ya mayar can saman shiryayye inda idonta ba ya kaiwa. Ya ce, "Wallahi an gama. Daga yau ni da shi sai gyaɗa da lemon ɓawo."

Shi, wai. Haka suke magana a nan, mace shi, namiji shi. Da can nakan tsokani Fuseina da wannan har ta jefe ni da ludayi.

Na yi godiya na tafi. Da ya yi mini musu da na fi jin daɗi.

Lahadi, 21 ga Satumba, la'asar

Ta ƙi zuwa wurina. Ta shige bayan zanen kakarta ta ce Baaba ya zo da buroshi.

Alhamis, 25 ga Satumba, kafin magariba

Na huɗu. Saura uku. Malam Ramadan ya ce bakwai ne a jere, ba a tsallakewa, ba a faɗa wa kowa, in an cika zuciyar da ta yi tauri za ta yi laushi. Na san abin da za a ce in an gan ni da irin wannan kaya a hannu, ni da nake yawo ina wa mutane wa'azi. Shi ya sa nake ƙunshe shi a ragar buhun albasa, kowa ya ɗauka albasa ce. Sau ɗaya ne dai a sati. Kuma can Nima ne, ba Maamobi ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan azahar

Mma Zuera, uwar Fuseina, ta zaunar da ni a tsakar gida tana tsince shinkafar waakye, shinkafa da waken nan garin. Ba ta taɓa ƙina ba, ko bayan abin da ya faru. Amma yau ta wanke ni.

"Lauwali, kana so ka kashe min jika da yunwa ne? Yarinya ya rame. Haƙorin nono ne fa, da sikiri da ba sikiri zai faɗi."

Na ce Mma, nas ta ce in na nonon sun ruɓe suna ɓata wa na ƙasa wuri, kuma ciwon yana hana ta ci.

"Nas! Nas ya haifi nawa? Ni na haifi tara, duka da sikiri na yaye su."

Na so in ce ta kira su tara ɗin su buɗe baki mu ƙirga. Na haɗiye. Suruka ce, ko da yake ban san sunan da zan kira ta da shi yanzu ba.

Fuseina ce ta fito daga ɗaki ta ce, "Mma, bar shi. Gaskiya ne yake faɗi. Ni ma na daina sa masa." Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Tana sanye da mayafi ruwan toka mai ɗinkin zare a baki. Ban san shi ba. Shekara shida na san kowane tsumma da ke cikin akwatinta, wannan ban san shi ba.

Ta ce Hamdia ta fara cin gwanda da ayaba, tana shan koko da gyaɗa a ciki. Na ce wa ya koya mata sa gyaɗa? Ta gyara mayafin.

Na san wa.

Da zan tafi na ji yarinyar a waje tana dariya irin wadda take yi har da shaƙuwa. Na leƙa. Ɗanbala ne yake fere mata lemo, ɓawon yana sauka dogo bai tsinke ba, tana tsalle tana kamawa. Ni ma na iya wannan. Ba ta taɓa tambayata ba ne.

Abin da ke cina shi ne, shi ya ba ta tofi ta so shi, ya hana ta tofi ta ci gaba da sonsa. Ni na hana sau ɗaya na zama dodo.

Laraba, 1 ga Oktoba, tsakar rana

Ina kan sauke mota daga Konni Fuseina ta bugo. Rabon da in ga sunanta a wayata har na manta.

"Baban Hamdia, kumatunsa ya kumbura. Na ciki ne yanzu, ba na gaba ba."

Na ce kina sa mata sukari a ɓoye? Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce kakarta fa? Ta ce ta ɓoye gwangwanin a ƙarƙashin gadonta da kanta. Sannan ta ce, a hankali, da ta je goge mata baki ta ji ƙanshin minti.

Minti. Wa yake sayar da minti a lungun nan?

Alhamis, 2 ga Oktoba, kafin magariba

Na biyar.

Lahadi, 5 ga Oktoba, la'asar sakaliya

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda nake so ya zama ba.

Na je da ayaba. Hamdia tana kwance a tabarma, kumatun ya ɗan saɓe. Ta bar ni na ɗauke ta, karo na farko cikin sati biyu, har ta kwantar da kai a kafaɗata. Ina shafa bayanta na ji abu yana ƙara a aljihun rigarta. Na zura hannu. Ledojin tofi ne, an lashe su tas an ninke, guda tara. Da rabin ƙwayar sukari ta narke ta manne da zare.

Na ce wa ya ba ki? Ta girgiza kai. Na sassauta murya na ce faɗa wa Baaba, ba zan doke ki ba. Ta ce, "An ce kar in faɗa. In na faɗa abin zai ɓaci."

Ban san lokacin da na ajiye ta ba. Na tarar da Ɗanbala yana auna wa wata mata gari, ga mutane zaune a benci suna jiran sallah. Na watsa masa ledojin a kan kanta. Na ce ga rantsuwarka nan. Na ce munafuki, mai kwashe kwalabe a gaban mutane ya sauke su in an juya baya. Na ce in uwar kake nema ka bi ta ƙofa kamar namiji, kada ka bi ta bakin 'yata. Na faɗi wannan da ƙarfi. Har masu wanki a bakin famfo sun ji.

Wani dattijo ya ce, "Kai, ɗan Nijar, a yi haƙuri mana." Wata ta ce, "Ei, asem aba," wato rigima ta zo, tana tafa hannu.

Ɗanbala bai yi dariya ba wannan karon. Ya ɗauki leda ɗaya ya juya ta, ya ce, "Yaya Lauwali, wannan ba kayana ba ne. Ban taɓa sayar da irinsa ba." Na ce ƙarya kake. Ya ce, "To." Ya tattara ledojin ya sa a aljihu, ya ci gaba da auna garinsa.

Da na juya Fuseina tana tsaye a bakin ƙofar gidansu, yarinyar a hannunta. Kallon da ta yi mini na san shi. Shi ne na ranar nan da na faɗi kalmar saki da ba ta komawa baki.

Litinin, 6 ga Oktoba, da safe

Ban yi nadama ba. Uba ne ni.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Maganar uwar ce bai kamata in sako ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, kafin magariba

Na shida. Saura ɗaya. Malam ya ce ya ga alamar haske. Ni ban ga komai ba sai ruwan sama da kwata ta cika ta hau hanya.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ban je Maamobi ba. Maamobi ce ta zo.

Ina wankin riguna a ƙofar ɗaki na ji sallama. Ɗanbala ne, da jaka a hannu. Ban taɓa zaton ya san inda nake ba. Na ce ya shigo don maƙwabta sun fara miƙa wuya. Ya zauna a kan buhu, ya ƙi ruwan da na ba shi, ya ce azumi yake. Ranar Lahadi. Wataƙila da gaske ne.

Ya buɗe jakar ya ajiye abu a tsakaninmu. Jar raga ce ta buhun albasa, an yanke ta murabba'i, an ƙulle bakinta da ƙulli biyu da ɗan zobe, irin ƙullin da babana ya koya mini a gona. A ciki akwai ragowar tofi da minti da ƙwayoyin sukari kamar goma.

Ya ce, "A cikin matashinsa na samu. Ya farke ɗinkin yana ɓoyewa, in an kwanta yana tsotsa har barci ya ɗauke shi."

Ya ce sati guda yana bin ledojin nan shago shago, har wata mai tebur a kasuwar Malam Atta ta ce wani ɗan albasa ne yake saye duk Alhamis. Ranar Jumma'a da safe ya rufe shago ya zauna yana gadin lungu. Sai ga Suweiba, matar Malam Ramadan, ta ƙetaro kwalbati daga Nima kamar mai zuwa gaida Mma Zuera, ta kira yarinyar gefe ta cusa mata ƙunshi a riga.

To, bari in rubuta shi ƙarara tunda an riga an gani. Sati shida da suka wuce na je wurin Malam Ramadan na ce ina son matata ta dawo. Ya ce in yi sadakar zaƙi ga yara, Alhamis bakwai, sukari da alewa, yadda bakinsu ya yi daɗi haka zuciyarta za ta yi daɗi a kaina. Ina kaiwa, matarsa tana raba wa yaran lungunsu da safiyar Jumma'a. Abin da ban sani ba, Suweiba tana ware kaso mafi tsoka ta kai wa Hamdia da ƙafarta. Ɗanbala ya tambaye ta dalili. Ta ce ai taimakona take, zaƙin ya shiga gidan da ake nufi ya fi saurin ci. Ita ce ta ce wa yarinyar kada ta faɗa. Ba ta san zancen haƙori ba. Ta ina za ta sani? Ban faɗa wa Malam ba, kunya nake ji a ce 'yar Lauwali bakinta ya ruɓe.

Na zauna ina kallon ƙullin nan nawa.

Ɗanbala ya ce, "Ban faɗa ma Fuseina ba. Ba zan faɗa ba. Mutanen lungu su ci gaba da cewa ni ne, ba komai, shago ba ya rufewa don magana. Kai dai ka tsayar."

Na ce me ya sa?

Ya ce, "Ubansa ne kai. In ya girma ya ji, ba zai yi kyau ba."

Da ya zage ni, da ya tara mini mutane kamar yadda na tara masa, da na san inda zan sa kaina. Na raka shi har bakin titi. Ban iya ba shi haƙuri ba, bakina ya ƙi. Na dai ce Allah ya karɓi azumi.

Na tsane shi yau fiye da kullum, kuma ban taɓa ganin mutumin kirki kamarsa ba a garin nan.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je wurin Malam. Na faɗa masa komai. Ya yi salati, ya kira Suweiba ya yi mata faɗa har ta yi ƙwalla, ni kuma na ji tausayinta, don ba mugunta ta yi ba.

Na ce ko za a musanya na bakwai ɗin da ƙwai ko lemo ko dabino ma? Ya ce da abin da aka fara da shi ake cikawa, in an sauya an warware na baya. Ya ce, "Saura ɗaya tak, Lauwali. Ka kawo, ni da hannuna zan raba, 'yarka ko ƙanshinsa ba za ta ji ba. Ka yi shida ka bar ɗaya?"

Ina fitowa yaran lungun suka taso mini. Ashe sun san ni. "Mai albasa! Mai albasa, jibi ko?" Wata ƙarama, ba ta kai Hamdia ba, ta riƙe mini wando tana murmushi. Na ga bakinta.

Tun ranar da nas ta haska mana ban iya ganin yaro ba sai na duba haƙoransa. Amma waɗannan ban taɓa dubawa ba. Nakan ajiye ƙunshi in wuce.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan magariba kaɗan

Trotro ya bi ta kusa da kasuwar Malam Atta. Yaron mota ya dube ni, don ya saba nan nake sauka. Na ce a wuce.

Maamobi na tafi. Na sami Fuseina tana kwashe tuwo, na ce ina da magana, a gaban Mma. Na faɗa musu tun daga farko. Na ce Ɗanbala bai ba ta ko ƙwaya ɗaya ba tun ranar da ya rantse, ni ne.

Mma Zuera ta saki muciya ta ce, "La ilaha illallahu. Kai da buroshinka?"

Fuseina ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi. Ta ce, "Duk don in dawo?" Na ce e. Ta ce, "Baban Hamdia, wata huɗu. Ka je wurin malam sau shida. Wurina sau nawa ka zo ka ce ka yi kuskure?"

Na buɗe baki. Ta ce, "Bar shi yanzu. Tuwo zai huce."

Daga nan na wuce shagon. Benci cike yake, har da dattijon nan na ranar. Na tsaya inda na tsaya wancan karon, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta, na ce na yi wa mutumin nan ƙazafi, ya yafe mini. Ya fara dariya tun ban gama ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, hantsi

An kai goron Ɗanbala gidan Mma Zuera jiya. Ita da kanta ta aiko mini da guda biyu a ganye, don kada in ji a bakin mutane. Ɗaurin auren bayan wata mai zuwa ne.

Malam zai ce don na bar ɗaya ne. Ban sani ba. Goron yana nan a kan taga.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Na goge mata baki ba ta cije ni ba. Ta ce Kawu Bala ya ce in ta bari a goge, haƙoranta za su yi fari kamar na Baaba.

Ko wannan ma shi ya ba ni.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Mu uku muka kai ta. Ban gayyaci Ɗanbala ba, ita ta ce ba za ta shiga mota ba sai da shi, ni kuma na ce ya zo.

Da aka kira sunanta nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da uwar, wane ne uban? Yarinyar tana riƙe da rigarsa da hannu biyu. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannun a nawa, ya ce, "Ga shi nan." Ya koma benci ya zauna.

Ni na riƙe ta a kujerar. Da aka kawo allura ta yi ta kiran Kawu Bala. Na ce yana waje, yana jiranki, Baaba ne nan. Ta ƙanƙame wuyana don ba wani wuyan. Har yanzu shatin farcenta yana nan.

Likitan ya duba na ciki ya daɗe. Ya ce ɗaya na ƙasa ta hagu ya riga ya kai jijiya, wanda ya kumbura ke nan, shi ma sai an cire sati mai zuwa. Ya ce da an tsare tun farko da an same shi. Fuseina ta kalli bango. Wannan haƙorin na san wanda ya ci shi.

Sauran ya ce a ci gaba yadda ake yi yanzu, koko ba sukari, ruwa maimakon lemon kwalba, buroshi safe da yamma, za su kai ta har sababbi su fito.

A hanyar dawowa ta yi barci a cinyata, auduga a baki. Su biyu suna kujerar gaba, ba su yi magana ba saboda ni. Na ɗaga leɓenta a hankali na ƙirga da kaina, don ban yarda da lissafin kowa ba.

Ashirin Allah ya ba ta. An cire huɗu yau. Ɗaya zai tafi ranar Laraba. Biyu an cike su. Goma sha uku lafiya lau.

Goma sha biyar na samu na tsirar.